Ni nake zare fulogin akwatin asibiti, ƙanin matata za a kora

Wani ɗan uwa ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya rubuto.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, malamai da 'yan boko, manya da ƙanana, ina gaishe ku da kyau. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, ni aji huɗu na firamare na tsaya, yadda abin ya zo mini haka zan faɗa. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama zagin ya nuna mini mafita, don lokaci ya ƙure mini.

Ni mutumin Karaye ne, na haura shekara hamsin, matata ɗaya, 'ya'ya shida. Ina ɗan noman gyaɗa da dawa a wajen Yammedi amma gwiwa ta fara ƙi, noman ba ya riƙe gida. Abin da ke riƙe da ni aikin gadi ne a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ba zan faɗi sunansa ba, mai shi likita ne, yana da reshe biyu, ɗaya a nan Karaye ɗaya a Rogo. Gadi ake cewa, amma ni ne shara, ni ne ɗebo ruwa, ni ne goge sola, makullin sito ma a aljihuna yake. Wanda ya samo mini aikin ƙanin matata ne, bari in kira shi Nasiru ko da yake ba sunansa ba ne. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da ita, 'yan Kwanyawa ne. Lokacin da na aure ta ni nake goya shi a keke in kai shi makaranta, yanzu ya zama magidanci da mata da 'ya'ya biyu, yana zaune a Kano, aikin kwamfuta yake yi, uwarsu ma shi yake riƙe da ita. Akwai wasa sosai tsakaninmu, shi yana ce mini Yallaɓai Shugaban Get, ni ina ce masa Injiniyan Danne-danne, sai in maganar gaske ce yake ce mini Yaya.

Da can katin takarda ake yi a asibitin. Mara lafiya zai zo Karaye a buɗe masa kati, wata mai zuwa ya je Rogo a sake buɗe masa wani, ba wanda ya san abin da aka ba shi a baya, wani katin ɓera ya ci, wani ruwan damina ya jiƙa shi. Shi ne Likita ya ba Nasiru aikin ya yi musu manhaja. Ya yi wata da watanni a kanta. Abin da ya fi alfahari da shi, ya ce sau ɗaya ya rubuta ta amma tana aiki a laftof ɗin ofis, tana aiki a tsohuwar kwamfutar Rogo da ba irinsu ɗaya ba, tana aiki a wayoyin nas-nas, wai da wani abu ya yi amfani da suke kira laburare, amma ba na littattafai ba, tarin kayan aiki ne da masu irin sana'arsa suke ɗauka su yi gini a kai. Ni dai ina gyaɗa kai. Ranar da ya zo haɗawa ya kawo wani baƙin akwati, ba fuska ba madannai, sai 'yar fitila shuɗiya, ya ajiye shi a sito kusa da firjin magani. Ya ce sunansa saba, databes ɗin a cikinsa yake, wato rumbun da ake zuba bayanan marasa lafiya duka. Ya ce, "Yallaɓai Shugaban Get, wannan akwatin kada a kashe shi, ko gobara aka yi shi za ka fara fitarwa kafin ka fitar da kanka, kai muna da irinka da yawa a Kwanyawa." Na ce masa in gobara ta zo shi zan fara jefawa ciki. Muka yi dariya. Ya gaya mini, ba zan ce bai gaya mini ba, wannan ina so ku riƙe.

To, jikin katangar asibitin ta baya akwai ɗan masallacin unguwa, nan nake salla. Farkon damina batirin lasifikarsa ya mutu, wutar gari kuwa kun san halinta. Ladanin tsoho ne, muryarsa ta tafi, in ya kira salla da baki ko mai shayin da ke tsallaken titi ba ya ji, sahu ya koma mutum biyar shida. Wata rana bayan la'asar liman yana ta faɗa, sai bakina ya riga hankalina, na ce ai muna da sola a asibiti, zan dinga jawo wuta ta tagar sito, minti nawa ne. Aka yi ta sa mini albarka. Na samo doguwar waya na jefa ta taga. A siton soket biyu ne, ɗaya na firji ɗaya na akwatin. Na fara gwada ƙara wani soket a kai, inbata, na'urar da ke raba wutar solar, ta hau kuka kamar za ta fashe, na tsorata na cire. Firji kuwa Likita ya sha gaya mini magani yana lalacewa, ba zan taɓa shi ba. Sai na kalli akwatin, na ce ai wannan ba abin da yake yi, ba mai taɓa shi, ba mai kallonsa, aikin ai a cikin wayoyi da laftof yake tunda su nake ganin ana dannawa. Na zare fuloginsa, na sa na lasifika, aka kira azahar har bakin kasuwa ana ji. Da aka idar na mayar, fitilar ta kama da kanta ba tare da na danna komai ba. Na ce shi ke nan, ba kashewa na yi ba, aron wuta na yi, kuma don Allah na ara.

Haka na ci gaba kullum, azahar da la'asar da magariba. Wani lokacin minti goma sha biyar, wani lokacin in na tsaya gaisuwa ko aka kira ni ɗauko mara lafiya daga mashin sai in manta, ya kai awa. Ba wanda ya sani don siton a baya yake, makulli kuma a wurina.

Ba a jima ba aka fara ƙorafi. Babbar nas ɗin Rogo, Sista muke ce mata, mace ce mai zafi, kullum tana kan waya da Nasiru, wai manhajarsa tana da aljanu, yanzu ana aiki yanzu ta tsaya tana juyi, a nemi sunan mutum ta ce babu. Nasiru ya fara cewa netwok ne, aka canja layi, ba a dace ba. Sai ya fara zuwa duk ƙarshen mako, ya shimfiɗa tabarma a cikin siton ya zauna da laftof tun safe. Ranar da yake nan kuwa ba na zare komai, don yana zaune a gaban soket ɗin, sai in ce wa mutanen masallaci yau akwai baƙo. Saboda haka duk ranar da ya zo abin lafiya lau yake tafiya, ko tari ba ya yi. Shi ya sa ya fara zargin Sista ce ba ta iya ba ko kuma ba ta son abin, ita kuma ta ce ya raina ta, ta ce ta girme shi a aiki da shekarun da ba zai iya ƙirgawa ba, suka yi ta sa-in-sa har Likita ya shiga tsakani. Ni ina bakin get ina jinsu, kuma wallahi a lokacin ban haɗa abin da kaina ba.

Mutumin nan ya sha wahala. Ina kai masa fura in same shi ya dafe kai, yana yi mini bayani ko da ya san ba ganewa nake ba, don dai ya samu wanda zai gaya wa. Ya ce ya duba sunan akwatin da manhajar ke nema daidai ne, lambar ƙofar da take shiga daidai ce, lambar sirri daidai ce. Ya ce akwai wani ɗan guntu da ake kira direba, shi ne tafinta tsakanin manhajar da databes, ya sauke shi ya sa sabo, na kwamfutar Rogo daban na waya daban. Ya sake rubuta wurin da ke buɗe hanya zuwa akwatin har sau ban san nawa ba. Wata Asabar na ce masa, "Injiniya, to me ya sa ba za ka bar akwatin ka gyara wayoyin ba, tunda a can ake kukan?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ashe har yanzu ba ka gane ba. Wayoyin nan ba komai a cikinsu, guga ne kawai. Rijiyar ita ce wannan da kake jingina tsintsiyarka a jikinta. Duk sunan da Sista ta nema a Rogo, nan manhajar take zuwa ta tambaya, duk abin da aka rubuta nan ake kawowa a ajiye. In wannan ya yi shiru na minti ɗaya, kowa ya makance."

A wurin na gane abin da nake yi. Na ɗauki kwanon fura na fita.

Nan ne laifina na gaske ya fara, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Ranar Litinin na gwada, na zare fulogi da azahar, na zagayo na laɓe a bakin tagar ofis, ina tsaye nas ɗin Karaye ta yi tsaki ta ce ga shi nan ya fara iskancin nasa. Na tabbatar ni ne. To me na yi? Ban daina ba. Sai da na ƙara kwana tara ko goma ina yi. Za ku tambaye ni dalili, dalilin kunya ce da son yabo, ba wani abu ba. Mutanen masallaci sun mayar da ni wani babba, liman yana ambatona a addu'a, masallaci ya koma cika sahu uku, ina jin nauyin in je in ce na fasa, su tambaye ni me ya faru. Sai na dinga ce wa kaina zan rage lokacin, ana kiran salla kawai in mayar, minti biyar ba zai kashe kowa ba. Magaribar ma na daina. Na ce in an girbe gyaɗa zan san yadda zan yi da maganar batir, sai in daina shiru ba wanda ya ji.

A cikin waɗannan kwanakin ne aka kawo wata baiwar Allah daga wajen Unguwar Hajji, dattijuwa, zazzaɓi ya kama ta. Aka yi mata wata allura, nan take jikinta ya yi rudu-rudu, fuska ta kumbura, Likita ya yi maza ya ba ta wani maganin abin ya lafa. Ya ce wa nas ta rubuta da manyan baƙi cewa wannan allurar ba ta jituwa da jinin matar nan, kada a sake yi mata. Nas ta rubuta, ta danna ajiye, manhajar ba ta nuna mata wata matsala ba, ta tashi ta tafi alwala. Lokacin azahar ne, fulogin yana hannuna. Rubutun bai isa akwatin ba, ya ɓace a hanya. Bayan kamar mako ɗaya matar ta je gidan 'yarta a Rogo, zazzaɓin ya dawo, aka kai ta reshen can, Sista ta buɗe sunanta ba ta ga wani gargaɗi ba, ita kuma tsohuwa ba ta san sunan allura ba, aka sake yi mata ita. Wannan karon numfashinta ne ya fara ɗaukewa. A mota aka kwashe ta zuwa babban asibiti, kwana uku tana can. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, tana gida yanzu, amma 'ya'yanta sun zo sun yi wa Likita tas a gaban marasa lafiya, ɗayan har cewa ya yi sai ya kai ƙara.

Tun ranar ban sake taɓa fulogin ba. Na gaya wa mutanen masallaci solar ce ta yi rauni, ƙarya kan ƙarya.

Likita ya kira Nasiru ya zo daga Kano, a gaban ma'aikata duka ya wanke shi. Ya ce ya yarda da shi don ɗan gida ne, ya ƙi mutanen birni ya ba shi, ga shi ya kusa sa shi kashe rai. Ya ce nas ta rantse ta rubuta, Sista ta rantse ba ta gani ba, to saura wa? Ya ce ranar Asabar za a zauna, in Nasiru bai kawo gamsasshen dalili ba za a cire manhajar a koma kati, ya sallame shi, kuma abokansa likitoci guda biyu da ya haɗa shi da su suna shirin ba shi irin aikin, zai kira su da kansa ya ce su yi nesa da shi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi, don a sana'arsu suna ne jari, in aka ce manhajarka ta kusa kashe mutum wa zai sake kiranka. Nasiru bai ce komai ba sai ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya.

Ranar Talata da ta wuce ya dawo, ya ce in buɗe masa sito. Ya zauna har wajen la'asar, sai ya leƙo ya kira ni, ya ce in turo ƙofa. Ya ce duk watannin nan a cikin manhajarsa yake neman laifi, bai taɓa tunanin ya tambayi akwatin kansa ba, ashe akwatin yana rubuta duk lokacin da ya mutu da lokacin da ya tashi. Ya juyo mini da laftof yana karantawa. Biyu saura kwata. Huɗu saura minti goma. Washegari biyu saura kwata, huɗu saura minti goma. Ya yi ta karantowa, ni ina kallon ƙasa. Sai ya ce, "Abin da ya fi ba ni mamaki, ranar Juma'a ba ya mutuwa da azahar, sai la'asar. Yallaɓai, akwatin nan ya fi ni riƙe salla, har babban masallaci yake tafiya Juma'a." Yana murmushi ya faɗa amma idonsa ya yi ja. Ya ɗaga kai ya kalli tagar, inda wayar ta goge fenti ta bar layi.

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Yaya, tsaya. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da na yi maka maganar guga da rijiya, ka gane?" Na ce na gane. Ya ce, "Bayan nan ka sake?" Na ce na sake. Ni da na goya shi a keke na kasa kallon fuskarsa. Na so ya zage ni wallahi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ce daga baya shi ya hana ni sukuni. Ya ce kada in gaya wa kowa. Ya ce in Likita ya ji ni ne, a ranar zai karɓi makullinsa, kuma da zafin da 'ya'yan matar nan suke ciki ba mamaki maganar ta kai ofishin 'yan sanda, to wa zai ciyar da yayarsa da yara shida, gwiwar tawa? Ya ce shi yana da sauran ƙarfi, in nan ta rufe zai nemi wani wurin ko da daga ƙasa zai fara. Na ce masa ai zalunci ne ya ɗauki abin da bai yi ba. Ya ce ba haka ba ne, shi ma yana da nasa kason, kuma babba ne. Ya ce manhaja mai kyau in ta aika rubutu ba ta samu akwatin ba, ihu ya kamata ta yi, ta nuna ja, ta ce ba a ajiye ba, ko ta riƙe rubutun sai hanya ta dawo, shi kuwa bai sa ta duba ko saƙon ya isa ba, ya ɗauka kullum zai isa. Ya ce da ya yi wannan, ko sau ɗari na zare fulogi nas za ta sani ta sake rubutawa. Ya ce wannan zai gaya wa Likita ranar Asabar, kuma ba ƙarya zai yi ba, rabin gaskiyar ne kawai zai bari a aljihu. Ya ce, "Na haɗa ka da Allah, Yaya, ka bar shi a nan." Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Washegari da hantsi ɗan acaɓa ya sauke sabon batir a ƙofar masallaci, wai wani bawan Allah ne ya bayar sadaka. Liman ya juyo ya kalle ni yana murmushi, ya ɗauka ni ne, har ya sa aka yi mini addu'a. Na ɗaga hannu tare da su.

A gida kuwa abin ya fi muni. Matata ba ta san komai ba. Ita a ganinta hassada ake yi wa ƙaninta, ta ɗora abin a kan Sista, wai ita ce ba ta son ci gabansa, wai ba mamaki an yi masa wani abu. Tana idar da salla sai ta hau addu'a da ƙarfi, Allah ya tona asirin duk wanda ke da hannu a wannan abu, Allah ya kunyata shi a idon duniya, sai ta juyo ta ce, "Malam, ba ka ce amin ba." In ce amin. Ta zubo mini tuwo ta ce me ya sa ba na ci, in ce gyambon ciki ne ya tashi. Surukata ma ta kira ni daga Kwanyawa tana kuka, ta ce ni ne babba, in tsaya wa yaron nan.

Na juya abin ta kowace fuska na gaji. In na yi shiru, mutumin da ya samo mini abincin da nake ci zai rasa nasa saboda ni, Sista za ta ci gaba da shan zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba, ni kuma in ci gaba da buɗe get ina amsa sannu da aiki. In na faɗa, aikina ya tafi, wannan na sani, kuma ba aikin kaɗai ba, matata za ta san wanda take yi wa addu'a, mutanen masallaci za su san wutar da suke sa mini albarka a kanta ta sata ce, don Likita bai ba ni izini ba. Kuma ba ni da tabbacin faɗar tawa za ta ceci Nasiru, tunda shi da bakinsa ya ce yana da kaso, Likita yana iya korar mu duka biyu, a yi asara biyu a gida ɗaya. Sannan in Likita ya gane Nasiru ya sani tun Talata ya rufe, ai na ƙara masa wani laifin. Ga kuma haɗa ni da Allah da ya yi. Amma kuma ina tambayar kaina, duk wannan lissafin da nake yi, don Nasiru nake yi ko don in samu hanyar tsira da fatata? Don na san kaina, irin wannan lissafin ne ya sa na ƙara kwana goma ina zare fulogi.

Malaman da ke cikin zauren nan, ina hukuncin wanda aka haɗa da Allah ya rufe abin da rufe shi zai cuci wanda ya haɗa shi? Matar nan da ta kusa mutuwa, akwai haƙƙinta a kaina da sai na je na nemi yafiyarta, ko tuba tsakanina da Allah ta isa? 'Yan kwamfuta kuma ku gaya mini tsakani da Allah, maganar da Nasiru ya yi cewa rabin laifin nasa ne, gaskiya ce a sana'arku ko ya faɗa ne don ya sanyaya mini zuciya?

Abin da ya sa na ce lokaci ya ƙure, yau Alhamis da safe matata ta tare ni zan fita, ta riƙe hannun kekena. Ta ce Likita yana ganin girmana, ta ji an ce ya sha faɗa a gaban mutane cewa a duk ma'aikatansa ba wanda ya yarda da amanarsa kamar ni, saboda haka in je gidansa kafin Asabar in roƙar wa Nasiru, in na yi magana zai ji. Ba ta saki keken ba sai da na ce to. Ta riga ta aika wa matar Likita, an ce in zo gobe bayan an sauko daga Juma'a.

Gobe zan zauna a tabarmar mutumin nan, zai ce mini Malam me ke tafe da kai. Don girman Allah ku gaya mini, me zan ce masa?